Darasin Lafiya: Maganin Kashe Ƙwayoyin Cuta da Ƙodarmu

Kowannenmu yana da ƙoda biyu. Aikinsu shi ne tace jini, kamar yadda mata suke tace gasara. Kowace rana sukan tace ruwa wajen lita 180 daga cikin jini, su mayar da kusan duka, su fitar da dattin ta fitsari. Magunguna da yawa ta nan suke fita daga jiki.

Allurar jentamaisin tana da ƙarfi, tana kuwa ceton rai. Amma in ta yi yawa, ko aka daɗe ana yi, sai ta taru cikin ƙananan bututun ƙoda ta ɓata su. Ɓarnar takan bayyana bayan kwana 5 zuwa 7. Tana iya kurmantar da mutum kuma. Kafson tetirasaikilin, ja da rawaya, wanda kwanansa ya wuce, shi ma yakan lalata ƙoda.

Haɗarin ya fi yawa ga tsofaffi, da masu ciwon ƙoda, da wanda zawo ko amai ya ƙarar masa da ruwan jiki.

To, me za mu yi?

1. Kada mu karɓi allura daga hannun mai talla a kasuwa.
2. Mu duba kwanan wata a jikin magani kafin mu saya.
3. Mu sha ruwa mai tsabta sosai.
4. In fitsari ya ragu, ko ƙafafu sun kumbura, mu kai mara lafiya asibiti nan da nan, tare da maganin da yake sha.

Tambaya: Wa yake yi wa mutane allura a ƙauyenku? Ina ya koya?