Darasi: Naman Kwiɓi, daga Hannun Mahauci zuwa Tukunya

Jagora ta fara da tambaya: wace ce a cikinmu ta taɓa soya nama ya fito kamar igiya, yara na ja, maigida na harara? A bari mata biyu ko uku su ba da labari kafin a shiga karatu.

Naman kwiɓi shi ne shimfiɗaɗɗiyar tsokar nan da ke gefen cikin saniya, ƙasan haƙarƙari. Ba shi da ƙashi, kitsensa kaɗan ne, kuma idan kin duba da kyau za ki ga zare-zare dogaye sun miƙe gefe guda. Wannan zaren shi ne taurinsa, shi ne kuma amfaninsa. Ki saye shi da safe yana ja, ba ya yauƙi, ba ya wari. Ko a Daura kike, ko kin aika kasuwar Mai'adua ranar Lahadi, ki ce wa mahauci ya ba ki shi ɗungurungum, kada ya daddatsa. Ke za ki yanka, don yankan ya danganta da abin da za ki dafa.

In suya ce ko miya, ki fara ɗaye farar fatar da ke manne a bayansa, sannan ki yanka a gicciye, wato wuƙa ta ratsa zaren ta katse shi, siriri-siriri. Kada ki bi tsawonsa. Nan ne yawancinmu ke kuskure, sai mu ɗora wa mahauci laifi, mu ce tsohuwar saniya ya ba mu. In da gwanda a gida, ki murje ganyenta ki naɗe naman kamar awa ɗaya a inuwa, a rufe. Ruwan ganyen na sa shi laushi. Kanwa kam ban ba ki shawara ba, tana ɓata ɗanɗano. A suya wuta mai ƙarfi, lokaci kaɗan. A miya wuta kaɗan, lokaci mai tsawo. Tsaka-tsaki ne ke kawo tauri.

To, dambun nama fa? Nan zaren ya zama abokinki. Ki yanka manya-manya, ki tafasa da albasa, citta, masoro, tafarnuwa, gishiri da dunƙule har ruwan ya tsotse, naman na rabewa da yatsa. Ki daka a turmi da zafinsa, ki wargaza da hannu, ki soya a man gyaɗa kan wuta kaɗan kina juyawa har ya bushe ƙayau. Ki tsane man, ki baza a faranti ya huce sarai kafin ki rufe. Wadda ta rufe da ɗumi, gumi zai taru, cikin kwanaki ya yi fumfuna, jari ya tafi.

Ga mai son cin bashin akwati don ta sayar da dambu: nama na ƙanƙancewa sosai a wuta. Kafin ki karɓi ko sisi, ki gwada da rabin kilo. Ki rubuta kuɗin nama, mai, kayan yaji, itace da leda, ki ƙirga ƙulli nawa ya fito. In kuɗin ƙullin bai rufe wannan da ribar da za ki mayar wa akwati ba, ki dakata. Kuma mu tuna, naman layya na ci ne da kyauta, ba a sayar da shi. Na sana'a a wajen mahauci ake saye.

Ɗanyen nama kada ya kwana in ba firji. Wuƙa da katakon yanka a wanke da sabulu kafin su taɓa salak ko tumatir.

Aikin mako: a haɗa kuɗin rabin kilo, a raba biyu. Ɗaya a yanka a gicciye, ɗaya a bi zare, a soya tare, kowa ta ɗanɗana. Magatakarda ta rubuta abin da aka kashe.