Magena kurma ce, ko taurin kai ne?

Likita, ina da mage fara fat mai shuɗayen idanu, wata bakwai ke nan tana hannuna. Duk kiran da zan yi mata, ko waiwaye. Ran nan murfin tukunya ya suɓuce mini dab da ita tana barci, ko kunne ba ta kaɗa ba. Maigida ya ce taurin kai ne irin na mage. Ta yaya ake gane kurumtar dabba, tunda ba baki gare ta ba?
Uwargida daga Zariya

Hajiya, a yi mini aikin gafara wurin maigida, amma ina bayanki. Farar mage mai shuɗin ido ta yi suna da kurumta, har Darwin ya ambaci haka a 1859. Ƙwayoyin da ke ba gashi launi suna da aiki a can cikin katantanwar kunne. In babu su, sai sashen ji ya mutu tun tana 'yar jaririya.

Ba a tambayar dabba, ƙwaƙwalwarta ake saurara. Sunan gwajin BAER. Ana tsira 'yan siraran allurai ƙarƙashin fata, a tsakar ka da gindin kunne, a sa mata abin ji mai ƙyas-ƙyas-ƙyas sau ɗaruruwa. Kowace ƙara na tayar da 'yar wutar lantarki daga jijiyar ji zuwa tushen ƙwaƙwalwa, inda ta haɗu da laka, cikin kashi ɗaya bisa ɗari na sakan. Kwamfuta ta tara su ta zana tuddai kamar biyar. Kunnen da ya mutu kuwa, layi ne a miƙe. Kunne ɗai-ɗai ake gwadawa, don mai ji da kunne guda kan ruɗi kowa. A jikin kyanwa ma wani mai bincike, Don Jewett, ya bayyana tuddan nan a Amurka a 1970.

Ba kowane asibiti ke da na'urar ba. Ki fara kai ta asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a leƙa kunnen, ko dauɗa ce ko ƙwari, waɗannan suna da magani. In kurumtar ta haihuwa ce, babu. Sai ki hana ta fita titi, don ba za ta ji babur ba. Kira kuma, ki buga ƙasa da ƙafa ko ki haska mata tocila.