Darasi: Yadda Za Mu Raba Gidajenmu Da Ɓera Ba Tare Da Guba Ba

 Darasinmu na wannan fitowa a kan ɓera yake, wanda wasunmu ke kira kusu. Kada wani ya ce ina ruwan mai shanu da ɓera. Mu ne masu tara dusa, da harawa, da ƙwayar auduga, kuma mu ne masu barin gida mako biyu ko uku muna tsakanin Maraɗi da Jibiya, ko Ƙonni da Illela.

Ya taɓa faruwa da mu. Mun dawo daga kai shanu Kurmi, muka iske buhunan dusa duk an huda su ta ƙasa, takardun allurar dabbobi da muka bari cikin kwali sun zama gari. Don haushi muka sa guba. Kwana biyu sai ga kajin maƙwabci a mace, da ƙyar aka ceci akuyarmu. Tun ranar muka daina, domin abin da ya kashe kaza ba zai bar yaro mai rarrafe ba.

Hausawa sun ce in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. To, a nan maganin yake. Abu uku ke kawo ɓera gida: abinci, da ruwa, da maɓoya. Macensa tana ɗaukar ciki na kamar mako 3 ne kawai, don haka biyu in sun samu wuri, kafin damina ta zagayo sun zama runduna.

Na farko, a hana shi abinci. Dusa da hatsi a zuba su cikin duro mai murfi. In a buhu suke, a ɗora kan katako, nesa da ƙasa, a bar hanya tsakaninsu da bango yadda mutum zai iya zagayawa. Da magariba a share ragowar abincin dabbobi. Mun karanta a makaranta cewa Annabi (SAW) ya yi umarni a rufe ƙorai, a kashe fitila kafin barci, saboda ɓera yana iya jan lagwani ya ƙone gida. Ashe maganar tsohuwa ce.

Na biyu, a toshe hanya. Ramin da babban yatsa zai shiga, ɓera zai shiga. Laka zalla ba ta tsare shi, don haƙoransa ba sa daina tsiro, kullum sai ya gwaguyi abu. A cusa fasassun kwalabe a ramin, sannan a shafe da laka ko siminti. Ƙasan ƙofar sito a buga masa kwano. Tarin kara da itace a janye su daga jikin bango.

Na uku, mage da tarko. Mage ɗaya a sito ta fi ƙullin guba goma. Mujiya ma kada a bari yara su jefe ta, ɓera ne abincinta. Shi kuwa tarko a jikin bango ake ajiye shi, don nan ɓera ke bi. Yana tsoron sabon abu, saboda haka a sa ƙuli-ƙuli ko busasshen kifi kwana biyu ba a ɗana ba, ya saki jiki tukuna.

Na huɗu, maganin wari: barkono, da na'ana'a, da tafarnuwa, da ganyen darbejiya. Gaskiya ɗaya ce, 'yan'uwa, waɗannan taimako ne kurum. Suna iya kore shi 'yan kwanaki, amma da warin ya huce, ko yunwa ta ci shi, ya dawo. Wanda ya barbaɗa barkono ya bar buhu a buɗe, wahalar banza ya yi.

Sai maganar lafiya. Zazzaɓin Lasa, da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa cikin Jihar Borno ta yanzu, daga fitsari da kashin wani irin ɓera ake ɗaukarsa, kuma ya fi yawa da rani. Fitsarin ɓera a kwamin ruwa kuma yana iya sa wa saniya cutar da ke kawo ɓari. Don haka a riƙa wanke kwami. Mushen ɓera ba a ɗaukarsa da hannu, a sa leda a binne shi da zurfi. Kashinsa a yayyafa ruwan sabulu kafin a share. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin cizon sauro, a garzaya asibiti.

Kafin tafiya ta gaba, kowa ya leƙa sitonsa da tocila, ya sa takardu da kuɗi a akwatin ƙarfe, ya bar wa uwargida da yara wannan aiki. Allah ya tsare mana dukiya da iyali, ya ba mu kasuwa mai albarka. Wassalam.