Yadda Ake Ajiye Mota Ta Daɗe Ba Ta Lalace Ba: Darasi Daga Bakin Bakanike

Malamanmu sun sha gaya mana cewa harshe ba a cikin aji kaɗai yake ba, yana kasuwa, yana tasha, yana bakin masu sana'a. Ni dai ban ɗauki wannan magana da muhimmanci ba sai da motar kawuna ta kusa lalacewa a hannuna. A wannan ɗan rubutu zan kawo wa 'yan'uwana ɗalibai abin da na koya game da ajiye mota na tsawon lokaci, tare da kalmomin da na tsinta a hanya, domin na lura da yawa daga cikinmu da muka koyi Hausa a makaranta muna iya yin bayani a kan karin magana da tatsuniya, amma da zarar an buɗe mana gaban mota sai bakinmu ya mutu.

Motar da nake magana a kanta Peugeot 504 ce, wadda Hausawa ke kira Fijo. An fara ƙera irinta a Faransa a shekarar 1968, sannan daga 1975 aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, inda aka ci gaba da fitar da 504 har bayan shekarar 2000. Kawuna ya sayi tasa tun kafin a haife ni, kuma yana ji da ita kamar 'yar fari. Kowace Asabar da kansa yake wanke ta, ba ya yarda a ci ko da gyaɗa a cikinta. A watan Agusta na 2023 ya tafi Kanada wurin 'yarsa, zai yi shekara biyu, sai ya miƙa mini makulli ya ce amana ce.

Abin da na yi shi ne abin da kusan kowa zai yi. Na ajiye ta a bayan gidanmu a Ibadan, a kan ƙasa, na ja hambirki da ƙarfi, na lulluɓe ta da tamfol na leda. Duk ranar Lahadi nakan tayar da ita ta yi minti biyar tana aiki a tsaye, in kashe, ina ganin na sauke nauyi. Bayan wata huɗu batir ya ƙi tayar da ita. Da muka tura ba ta motsa ba, domin birkin baya ya manne. Cikinta kuwa warin rima ne, kujeru duk sun yi fumfuna, ɓera ya yi sheƙa a gefen inji har ya cinye wata waya.

A unguwar Sabo na sami wani dattijo Bakano wanda ya ƙware a gyaran Fijo. Da ya zo ya duba, abin da ya fara cewa shi ne, "Yaro, tayarka ta sace." Nan take gabana ya faɗi, na zagaya ina ƙirga tayoyi, na dawo na ce, "Baba, ai duk huɗun suna nan, ba wanda ya sata." Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ashe idan an ce taya ta sace, iskar cikinta ce ta fita a hankali. Wannan shi ne darasina na farko, kuma babu shi a littafin da muka karanta a aji ɗaya.

Baba ya ce mota a ajiye abokan gabarta uku ne: ruwa, ɓera da kuma zama wuri ɗaya. Mafi sharri shi ne ruwa, musamman a gari irin namu inda damina ke daɗewa, iska ma ɗauke take da laima. Tamfol ɗin ledar da na rufa mata shi ya fi cutar da ita, domin danshin da ke tasowa daga ƙasa ba ya samun hanyar fita, sai ya taru a jikin ƙarfe, tsatsa ta fara ci. Abin da ya dace shi ne a wanke mota tas har ƙarƙashinta, a bari ta bushe sarai, a shafa mata man goge fenti, a kai ta kan daɓen siminti a ƙarƙashin rufi, sannan a rufe ta da yadin auduga wanda iska ke ratsawa. Kashin tsuntsu ko ɗanƙon bishiya da aka bari a kan fenti wata da watanni sai ya bar tabo wanda wanki ba ya fitarwa.

Daga nan sai maganar baƙin mai. (A kula da lanƙwasar ƙ a nan. Wanda ya rubuta "bakin mai" ya koma maganar baki, ba ta launi ba.) Ni a tunanina tunda motar ba tafiya za ta yi ba, asarar kuɗi ce a yi mata juye, watau a zubar da tsohon mai a zuba sabo. Baba ya ce akasin haka ne. Man da ya yi aiki yana ɗauke da datti da wani tsami da ƙonewar fetur ke haifarwa, in ya kwanta a cikin inji shekara guda sai ya riƙa cin ƙarfe. Don haka kafin ajiya ake yin juye, a canja matatar mai, a ɗan zagaya da motar domin sabon man ya shiga ko'ina. Haka kuma ya kwance fulogi ɗaya bayan ɗaya, ya ɗiga ɗan mai a kowane rami, ya mayar. Lagireto ma bai bar ruwan famfo zalla a ciki ba, sai da ya haɗa da ruwan nan mai launi da ke hana tsatsa.

Inda muka yi gardama shi ne fetur. Lokacin bai daɗe ba da cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, farashi ya ninka fiye da sau biyu, ga shi tankin Fijo ya fi lita 50. Na ce a tsiyaye tankin kawai a huta. Ya ce, "Yaro, tankin nan ƙarfe ne. In ka bar shi fanko, iska mai laima za ta cika shi, ta zama ruwa a jikin bango, tsatsa ta zuba cikin mai." Sai na ce na karanta cewa fetur yana lalacewa bayan 'yan watanni, ya zama danƙo ya toshe kafireta. Ya ce wannan ma gaskiya ne. Maslahar da muka cimma ita ce a cika tanki, amma a tsiyaye man da ke cikin kafireta, sannan duk bayan wata shida a zuƙe na tankin a ba janareto, a zuba sabo. A ganina wannan ya fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi, tunda man bai tafi a banza ba.

Batir kuwa cire shi ake yi, domin ko ba a taɓa shi ba yana sauka da kansa, kuma in ya daɗe a sauke ba ya ƙara riƙe caji. Ana fara kwance kan da ke da alamar ɗebewa, saboda shi ne a haɗe da jikin mota. Wanda ya fara da ɗaya kan, in sifana ta taɓa bodi wuta za ta tashi. A ajiye shi a inuwa, a riƙa yi masa caji kamar sau ɗaya a wata.

Hambirki ba a jansa ko kaɗan. Weji ake sa wa tayoyi gaba da baya, irin wanda karen mota ke jefa wa babbar mota a kan tudu. Tayoyin a ƙara musu iska fiye da yadda aka saba, in kuwa ajiyar za ta wuce shekara, gara a ɗaga motar da jak a ɗora ta a kan abin tokara mai ƙarfi, domin tayar da ta daɗe a gefe ɗaya takan shafe a wurin. Don ɓera, an toshe bakin salansa da inda inji ke shaƙar iska da soson ƙarfe, aka zuba kafur a ciki, sannan Baba ya sa na rubuta takarda na liƙa a sitiyari, don kada ranar tayarwa a manta an toshe.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne tayarwar da nake yi duk Lahadi. Minti biyar ba ya isa inji ya ɗauki zafin da zai ƙone danshin da ke cikinsa, sai ma ya ƙara tara ruwa a salansa da cikin mai, kuma batir ba ya mayar da abin da ya kashe wajen tayarwa. Ko dai a hau titi da ita na kamar rabin awa, ko a bar ta ta yi barcinta.

Ga mai nazarin harshe, kalmomin nan da na jero abin dubawa ne. Kusan dukkansu na aro ne, amma an yi musu kwaskwarima sun dace da bakin Bahaushe. Sautin p ya koma f, shi ya sa muke da fulogi da fenti da tamfol, har da Fijo. Inda baƙaƙe biyu suka haɗu an raba su da wasali, alal misali birki da sitiyari da sifana. Lagireto ita ta fi yin nisa da asalinta, har na ɗauki kwanaki ban gane daga inda ta fito ba. Jinsi ma sai an kula: mota da taya mata ne, inji da batir maza ne, don haka "mota ta mutu" amma "inji ya buga". Aikatau kuwa yawanci na gida ne, irin su sace da buga da juye, an dai ba su sabon aiki ne kawai. Wanda ke neman batun kundin kammala karatu zai sami abin yi a gareji.

Kawu ya dawo a watan Satumba na 2025. Kwana biyu kafin isowarsa Baba ya zo, muka sauke motar, muka cire soson ƙarfe, muka canja man birki, muka ɗaura batir. Ba ta tashi a bugu na farko ba, ba ta tashi a na biyu ba. A na uku ta yi tari, ta fitar da hayaƙi fari, sannan ta daidaita. Kawu ya zagaya ta sau biyu bai ce komai ba, sai ya nuna wani ɗan tabon tsatsa a ƙasan ƙofar baya, wanda tamfol ɗin leda ya bari, ya tambaye ni daga ina wannan ya fito.