Yadda Ake Gasa Biskit a Gida Ba Tare da Ya Ƙone Ba

Gabatarwa

Sarrafa amfanin gona hanya ce ta ƙara wa manomi riba. A Idu da maƙwabtanta irin su Karmo da Gwagwa, a Babban Birnin Tarayya Abuja, akwai ma'aikatan masana'antu, ga 'yan makaranta, ga kuma matafiya da ke bi ta tashar jirgin ƙasa ta Abuja zuwa Kaduna tun daga 2016. Duk waɗannan masu sayen biskit ne. Babbar matsalar mai gashi a gida ita ce ƙonewa, domin tire ɗaya da ya ƙone ya tafi da fulawa da sukari da bota da gawayi baki ɗaya. Wannan darasi zai nuna muku, malaman gona da manoma, dalilin ƙonewar da hanyar kauce mata.

Me Ya Sa Biskit Ke Ƙonewa?

Launin ruwan ƙasa da ƙamshin da kuke ji a biskit suna samuwa ne idan sukari ya haɗu da sinadarin gina jiki a cikin zafi. Wani masani ɗan Faransa mai suna Maillard ne ya bayyana wannan a 1912. Haɗuwar tana kankama ne idan zafi ya kai kimanin digiri 140 a ma'aunin Salshiyos, sukari kuma yana narkewa ya fara duhu a wajen digiri 160. Zafin da ya dace da biskit shi ne digiri 170 zuwa 180. Idan ya zarce haka, waje zai yi baƙi alhali ciki bai gasu ba.

Dalilai uku ne suka fi jawo ƙonewa: zafin da ke dukan gindin tire kai tsaye, rashin daidaita kaurin biskit, da jiran sai ya yi tauri kafin a sauke. Ƙonannen biskit yana da ɗaci. Bayan haka, a 2002 masana a ƙasar Suwidin sun gano cewa abinci mai sitaci da aka gasa da zafi mai tsanani yana samar da sinadarin akirilamaid, wanda hukumomin lafiya ke ba da shawarar a rage cinsa.

Garin Amfanin Gonarku

Biskit ba ya buƙatar tashi kamar burodi, don haka yana karɓar garin da ba na alkama ba fiye da burodi. A 2005 Gwamnatin Tarayya ta fito da tsarin haɗa kashi 10 cikin 100 na garin rogo a fulawa, amma a biskit za ku iya wuce wannan adadi. Sai dai kowane gari da halinsa a kan wuta:

1. Garin rogo: ba ya saurin yin launi. Kada ku jira ya yi ja kamar na fulawa zalla. A yi amfani da rogon da aka feƙe, aka goga, aka matse, aka shanya cikin awa 24 da tonowa, domin fitar da gubarsa.

2. Garin waken soya: kusan kashi 40 cikin 100 na waken sinadarin gina jiki ne, shi ya sa yake saurin yin duhu. A tafasa waken ko a soya shi sama-sama kafin a niƙa.

3. Dankalin Hausa mai jan ciki: yana da zaƙinsa, don haka a rage sukari. Haka nan zuma ta fi sukari saurin ƙonewa.

Kayan Haɗi

Fulawa giram 300, garin rogo giram 150, garin waken soya giram 50, bota giram 250, sukari giram 200, ƙwai 2, bekin foda cokalin shayi 2, da ɗan gishiri.

A buga bota da sukari har su yi laushi, a fasa ƙwai a juya, sannan a tankaɗe garin a zuba. A haɗa kwaɓin da hannu ba tare da yawan murzawa ba. A mulmula shi da kwalba mai tsabta har kaurinsa ya zama rabin santimita ko'ina, a yanka da bakin kofi ɗaya. Idan wani ya fi wani kauri, siririn zai ƙone kafin mai kaurin ya gasu.

Gashi da Tukunya da Yashi

Mai gurasa a Kano takan bari harshen wuta ya mutu, tanderu ya ɗauki zafi, kafin ta manna gurasa. Wannan hikima ce za ku bi idan babu na'urar gashi.

1. A sami babbar tukunya mai kauri da murfin da ke rufewa ruf.

2. A zuba wankakken yashin rafi busasshe, zurfin yatsu biyu. Yashi yana riƙe zafi ya rarraba shi daidai.

3. A ɗora duwatsu uku masu tsawo ɗaya a kan yashin, domin tire ya zauna a kansu. Kada tire ya taɓa yashi ko jikin tukunya.

4. A rufe, a ɗora a kan garwashi na minti 10 zuwa 15 kafin a sa biskit. Garwashi ake so, ba harshen wuta ba.

5. A gwada da biskit biyu ko uku tukuna. Idan gindinsu ya yi duhu kafin minti 8, a kwashe wani ɓangare na garwashin.

6. A jera sauran a kan farin tire na alminiyom da aka shafa wa bota kaɗan, a bar tazarar yatsa biyu a tsakani. Baƙin tire ya fi zuƙar zafi.

7. A zuba ɗan garwashi a kan murfin ƙarfe domin sama ta gasu tare da ƙasa.

8. Bayan minti 7 a juya tire, gaba ya koma baya. A guji yawan buɗe murfi.

Mai na'urar gashi ta gas ko lantarki ya kunna ta minti 10 kafin lokaci, ya sa tire a tsakiya, ba a ƙasa ba.

Lokacin Saukewa

Yawanci biskit kan gasu cikin minti 12 zuwa 15. Alamarsa ita ce gefe ya yi ruwan zuma, sama ta bushe, ƙamshi ya tashi. A wannan lokaci za ku ji shi da laushi, kuma haka ya kamata ya kasance, domin sai ya huce yake yin ƙaras-ƙaras. Duk wanda ya jira taurinsa a kan wuta, ƙauri zai ji. A bar shi minti 5 a kan tire, sannan a kwashe a baza a kan faifai. Ku tuna tukunya na ƙara zafi a zubi na biyu da na uku, don haka a rage garwashi, kuma a bar tire ya huce kafin a sake jerawa.

Ajiya

Kada a ƙulle biskit a leda da ɗuminsa, domin zai yi gumi ya yi laushi, musamman da damina. Sai ya huce sarai a zuba a mazubi mai murfi.

Shawara ga Malaman Gona

Idan za ku koyar da ƙungiyoyin mata, ku gasa tire biyu a gabansu, ɗaya a kan yashi kai tsaye, ɗaya a kan duwatsu, su ga bambancin da idonsu. Ku sa kowace ta duba agogo ta rubuta mintunan da tukunyarta ke ɗauka, domin kowane murhu da irin zafinsa. Sauri ya haifi nawa: wuta kaɗan da kula da lokaci su ne ke tsare jarin mai sana'a.