Yadda Ake Gano Dajin Ƙoda Mai Saurin Yaɗuwa da Yadda Ake Maganinsa

A ƙauyukan Tsafe da Bungudu, da saurayi ya ga jini a fitsarinsa sai a ce tsargiya ce, kuma galibi ita ɗin ce, tunda ana wanka a rafi da kududdufi. Sai dai akwai wani daji da ke fitowa a tsakiyar ƙoda, wanda likitoci a Amurka suka fara bayyanawa a 1995, kuma kusan duk wanda ya kama mai jinin AS ne. Ya fi kama matasa maza, ya fi zama a ƙodar dama. Kada masu AS su firgita, da wuya ƙwarai ake samunsa. Illarsa gaggawa ce: kafin a farga ya kai huhu ko hanta.

Ana farawa ne daga babban asibitin gari. A gwada fitsari a nemi ƙwan tsutsar tsargiya, a kuma duba ko mai jinin AS ne. In ba a ga ƙwan ba, ko an sha praziquantel jinin bai tsaya ba, ga ciwon kwiɓi ga rama, to sayen magani a kemis ya ƙare. A nan mutanenmu suka fi ɓata watanni, suna kai-komo tsakanin mai kemis da mai jiƙo.

Sai a wuce Gusau, asibitin FMC ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, a yi sikanin ciki. In an hango ƙari, a gwada ƙarfin aikin ƙoda, domin hoton CT na ciki da ƙirji yana bukatar allurar wani ruwa da ƙoda ce ke fitar da shi. Hoton ke nuna girman ƙarin da inda ya kai.

Daga nan a ɗebo ɗan nama da allura a kai wa masu binciken tsoka. Abin da suke nema shi ne ɓacewar sinadarin INI1 a ƙwayoyin ƙarin. Wannan matakin bai kamata a tsallake shi ba ko da sakamako zai jinkirta, saboda ƙwayoyi masu tsada irin su sunitinib, da ake ba masu dajin ƙoda na yau da kullum, ba sa yi wa wannan aiki. Iyali na iya sayar da gona a banza.

Maganinsa ƙarin ruwa ne na carboplatin da paclitaxel, yawanci duk bayan mako uku, a asibitin koyarwa na Sakkwato ko na Shika a Zariya, inda kuma ake gashin daji. In ƙarin ya lafa, a yi tiyata a cire ƙodar, ɗaya mai lafiya ta ishi mutum. Tun ranar farko kuma a nemi maganin zafi mai ƙarfi kamar mofin, 'yan uwa su tanadi masu ba da jini kafin a kama hanya.