Yadda Ake Haɗa Netwok ɗin Ma'aikata da Babbar Wayar Faiba

Manyan wayoyin faiba na ƙarƙashin teku sun daɗe da sauka a gaɓar Legas. MainOne da Glo-1 sun fara aiki a 2010, WACS ta biyo baya a 2012, sannan Equiano ta kamfanin Google ta sauka a 2022, an tsara ta ta ɗauki terabit 144 a daƙiƙa guda. Duk da wannan yalwa, malamin jami'a a Kano ko likita a Sakkwato yakan zauna yana jiran shafi ɗaya ya buɗe. A ganina ba a bakin teku matsalar take ba. Saurin yana zubewa ne a 'yan kilomitocin ƙarshe, tsakanin babbar waya da ɗakin da kwamfutoci suke, kuma a nan ya kamata a zuba kuɗi da kulawa.

Faiba zaren gilashi ne mai kaurin maikiromita 125, kusan silin gashi guda, kuma haske yana bin tsakiyarsa da ba ta wuce maikiromita 9 ba. Charles Kao ne ya nuna a 1966 cewa dattin da ke cikin gilashi ke cinye hasken, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2009. A kan babbar hanya, kamar wadda ta taso daga Legas ta bi ta Abuja zuwa Kano, ana cusa launukan haske tamanin ko fiye cikin zare ɗaya, kowanne ɗauke da gigabit 100, ana ƙara musu ƙarfi kusan duk bayan kilomita 80. Ita kuwa kwamfutar ofis lantarki ta sani. Aikin haɗin shi ne a kawo hasken har ƙofa bai raunana ba, sannan a mayar da shi lantarki.

Da safiyo ake farawa. A gano mahaɗar kamfanin sadarwa mafi kusa, a auna nisa, a tsayar da hanyar da waya za ta bi, sannan a nemi izinin haƙa daga gwamnatin jiha. Wannan izini ya fi kowace na'ura tsayar da aiki. Tun 2013 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta amince da naira 145 a kan kowace mita, amma jihohi da dama suka ci gaba da karɓar dubbai, sai a 2020 Ekiti ta sauko zuwa 145, Kaduna kuma ta yafe kuɗin. In izini ya fito, a haƙa rami mai zurfin kusan mita ɗaya, a shimfiɗa bututun roba, a ɗora tef na gargaɗi a samansa domin mai haƙa na gaba, a gina ramukan dubawa, sai a zura wayar.

Daga nan sai jona zare, inda ake gane ƙwararre. Ma'aikaci zai feƙe rigar zaren, ya goge shi da sifirit, ya datse bakinsa da wata 'yar na'ura domin ya fita a miƙe sak. Sai ya ɗora bakunan biyu a injin jona, injin ya daidaita su a allo, ya narkar da su da tartsatsin lantarki su zama zare ɗaya, a sa musu hannun riga na roba a gasa. Jonin kirki ba ya cin haske fiye da desibel 0.1. Ƙwayar ƙura ɗaya a bakin zare ta isa ta ɓata shi, don haka mai aiki a lokacin hunturu a arewa dole ya yi jonin a cikin mota ko rumfa a rufe. Bayan an gama, a harba haske da na'urar gwaji, ta nuna a mita ta nawa aka lanƙwasa waya fiye da kima ko aka yi jonin ganganci. Duk wanda ya biya ɗan kwangila bai karɓi wannan sakamako a rubuce ba, ya sayi abin da bai gani ba.

A bakin gini hanya biyu ce. Babbar ma'aikata takan karɓi zare nata na kanta, a soke shi cikin wata 'yar na'ura mai girman yatsa a jikin rauta, ta ba da gigabit 1 ko 10. Gidaje da shaguna kuwa tsarin GPON ake yi musu: zare ɗaya ya taso daga kamfani, wani marabi da ba ya buƙatar wuta ya raba haskensa ga gida 32 ko 64 a cikin nisan kilomita 20. Yana da araha, sai dai gigabit 2.5 da ke saukowa na kowa da kowa ne, don haka mai saye ya tambayi mutum nawa ne a kan zarensa.

Sauran aikin na cikin gida ne, kuma shi aka fi rainawa. Wayar tagulla ta netwok ba ta wuce mita 100, tsohon siwic mai megabit 100 kuma zai shaƙe gigabit 10 komai kyawun faibar. Tsakanin gini da gini gara a sa faiba, tunda gilashi ba ya jan tsawa da damina. A kuma tanadi inbata da batir, domin in wuta ta ɗauke na'urar da faiba ke shiga ta mutu, hasken da ya taso daga Legas ba shi da mai karɓa.

Wani zai ce me ya kawo wannan wahala ga 4G da 5G, ga kuma Starlink da ta fara aiki a Najeriya a 2023? Ga ƙauyen da ke nesa da titi, tauraron ɗan'adam mafita ce ta gaskiya, ban musa ba. Amma turakun sadarwa su ma faiba ke ciyar da mafi ƙarfinsu, kuma iska rabawa ake yi: masu amfani na ƙaruwa, rabon kowa na raguwa. Zaren da aka binne kuwa, in ana son ninka saurinsa, na'urorin bakinsa biyu kawai za a sauya.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne faiba tana tsinkewa, musamman a hannun masu aikin titi. Gaskiya ne, har a teku: ranar 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu suka lalace a yankin tekun Kwaddibuwa, bankuna da ofisoshi a Afirka ta Yamma suka shiga halin ƙaƙa-nika-yi. Maganin shi ne hanya ta biyu, ta yadda in ɗaya ta yanke rauta za ta juya zuwa ɗayar. Sai dai kamfanoni biyu sukan yi hayar bututu ɗaya, katafila guda ta tsinke su tare. Kafin a sa hannu a kwangila, a nemi taswirar hanyar kowannensu, a tabbatar ba rami ɗaya suka bi ba, ba kuma ta kusurwa ɗaya suka shigo ginin ba.